Yadda Mace Za Ta Ƙarfafa Tsokokin Ƙasan Ƙugu, da Amfanin Yin Haka

Akwai mata da yawa waɗanda babu wata cuta da aka taɓa rubuta musu a katin asibiti, amma idan atishawa ta taso musu sai sun matse ƙafafu, idan aka yi abin dariya a gidan suna sai su yi ta a takure, idan kuma suka ɗaga jarkar ruwa sai sun koma sun sake tsarki kafin su tayar da salla. Ɗigon fitsari ne kaɗan, wani lokaci bai wuce ya jiƙa kamfai ba, amma ya isa ya hana mace sakewa a cikin mutane, ya kuma jefa ta cikin waswasi game da alwalarta. Mafi yawansu sun haihu, kuma an gaya musu cewa haka haihuwa ta gada. Gaskiya ne ciki da haihuwa su ne kan gaba wajen jawo wannan matsala, amma ba gaskiya ba ne cewa babu abin yi sai haƙuri. Abin da ya yi rauni tsoka ce, tsoka kuwa tana dawowa da ƙarfinta idan aka ba ta aikin da ya dace, aka kuma dage a kai tsawon lokacin da take bukata.

Inda tsokokin suke da aikinsu

Ƙashin ƙugu buɗe yake ta ƙasa, kuma abin da ya rufe wannan buɗi shi ne shimfiɗar tsokoki da ta taso daga ƙashin da ke ƙasan mara ta gaba, ta tafi har zuwa ƙarshen ƙashin baya. A kanta ne mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji suke zaune, tana tallafe da su kamar yadda majanyi yake tallafe da goyo. Hanyoyi uku ne suka ratsa ta cikinta: hanyar fitsari, farji da dubura. Idan tsokokin suka matse sai su rufe waɗannan hanyoyi su ɗaga abin da ke kansu, idan suka saki sai fitsari ko bayan gida ya sami fita. Duk lokacin da mace ta yi tari ko atishawa ko ta ɗaga kaya, nauyin ciki yakan danno ƙasa da ƙarfi, kuma tsoka mai lafiya takan matse da kanta a daidai wannan lokaci ba tare da an umarce ta ba. Idan ta yi rauni, ko ta makara wajen matsewa, sai fitsari ya kuɓuce.

Nauyin ciki na wata tara yana miƙar da tsokokin, shi ya sa macen da aka yi wa aiki aka ciro ɗa ita ma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Naƙuda mai tsawo, haihuwar ƙaton jariri, yagewa ko ƙari, da haihuwa a jere ba tare da jiki ya huta ba, duk suna ƙara raunin. Ban da haihuwa kuma akwai abubuwan yau da kullum da ba a cika lura da su ba: yawan nishi a bayan gida saboda bushewar ciki, tarin da ya daɗe, wanda hayaƙin itace yakan tsananta, ƙiba, da ɗaukar kaya masu nauyi. Idan jinin al'ada ya ɗauke, sinadarin da ke riƙe da kaurin naman wannan wuri yakan ragu, don haka mace takan ga matsalar da ta daɗe da lafawa ta dawo mata bayan ta haura shekara hamsin.

Abin da motsa su yake amfanarwa

Wani likitan mata ɗan Amurka mai suna Arnold Kegel ne ya wallafa bayanin wannan motsa jiki a shekarar 1948, saboda haka za ki ji ma'aikatan lafiya suna kiransa da sunansa. Tun daga lokacin an yi ta gwada shi, kuma inda hujja ta fi ƙarfi shi ne a kan irin ɗigon fitsarin da ke zuwa da tari ko dariya ko ɗaga kaya. Wani nazari da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa kimanin kashi 56 cikin ɗari na matan da ke da irin wannan ɗigo kuma suka yi atisayen sun ce sun warke, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba kimanin kashi 6 ne kawai suka ce haka. A Birtaniya, hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya ta sa shi a matsayin maganin farko da za a gwada na aƙalla wata uku, kafin a yi zancen tiyata.

Amfani na biyu ya shafi zazzagowar mahaifa, wato idan mahaifa ko mafitsara ko hanji ya sauko yana turo bangon farji, mace ta riƙa jin nauyi ko wani abu kamar ƙullutu a gabanta, musamman da yamma bayan ta wuni a tsaye. Idan abin bai yi nisa ba, atisayen yana rage wannan nauyi kuma yana iya hana shi ƙaruwa. Hukumar NICE ta ba da shawarar a yi shi na aƙalla mako 16. Idan kuwa naman ya riga ya fito waje, atisaye kaɗai ba zai mayar da shi ba, sai an ga likita. Haka nan yana taimaka wa macen da iska ko bayan gida ke kuɓuce mata bayan yagewa wajen haihuwa, da wadda fitsari ke matsa mata farat ɗaya har ba ta iya isa banɗaki, domin matse tsokar na ɗan lokaci yana sa mafitsara ta lafa. Mata da dama kuma sukan ji sauyi a zaman aure, saboda tsokar da ke da ƙarfi kuma take iya sakewa yadda ya kamata tana ƙara jin daɗin saduwa.

Gano tsokar

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin mafi yawan waɗanda suka ce sun gwada bai yi musu aiki ba, wata tsoka daban suka yi ta matsewa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1991 ya gano cewa bayan an yi wa mata taƙaitaccen bayani da baki, kusan rabinsu ne kawai suka yi matsewar daidai, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu yunƙuri suka yi zuwa ƙasa, wanda kishiyar abin da ake so ne kuma yana iya ƙara ɓarna.

Ki fara yin fitsari tukuna, sannan ki kwanta rigingine a kan tabarma ko katifa, ki tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ƙafafu a ɗan buɗe. Ki saki ciki da cinyoyi da ɗuwawu, ki ɗora hannu ɗaya a kan cibiya. Sai ki matse dubura kamar kina cikin taro kina hana iska fita, daga nan ki kawo matsewar gaba zuwa farji da hanyar fitsari, sannan ki ja duka zuwa sama, cikin jiki. Abubuwa biyu ake nema tare, matsewa da ɗagawa. Hannun da ke kan cikinki zai iya jin ƙasan mara ya ɗan ɗame, wannan babu laifi, amma idan cikin ya kumburo ko ya yi tauri gaba ɗaya, ko ɗuwawunki ya ɗago daga tabarma, ko gwiwoyinki suka haɗe, ko kika sami kanki kin riƙe numfashi, to kin koma ga wasu tsokoki. Ki saki, ki numfasa, ki sake gwadawa da ƙarfi kaɗan. Motsin ƙarami ne, kuma wanda ke kusa da ke bai kamata ya ga alamar kina yin komai ba.

Domin ki tabbatar, ki wanke hannu, ki sa yatsa ɗaya cikin farji ki matse. Idan daidai ne za ki ji naman ya kama yatsan yana jan shi ciki. Wadda ba ta yi aure ba, ko wadda ba ta son wannan, za ta iya ɗora yatsa a fatar da ke tsakanin farji da dubura, ko ta duba da madubi: wurin zai shige ciki idan an matse daidai, zai kuma turo waje idan yunƙuri ake yi. Wasu sukan ce a tsayar da fitsari ana tsakiyar yi domin a gane tsokar. Ana iya yin haka sau ɗaya don ganewa kawai, amma kada a mayar da shi atisaye, saboda yana hana mafitsara zubar da duk abin da ke cikinta, kuma fitsarin da ya saura yana iya jawo ciwon sanyin mafitsara.

Idan kin yi kwana da kwanaki ba ki ji komai yana motsi ba, kada ki ɗauka jikinki ne ya lalace. Bayan haihuwa jijiyoyin wurin sukan yi sanyi na ɗan lokaci. Ki gwada a kwance ta gefe, ko ki sa matashi a ƙarƙashin ƙugu domin nauyin ciki ya ragu a kan tsokar. Idan har yanzu shiru, ki nemi ungozoma ko ma'aikaciyar sashen gashi da motsa jiki, wato fisiyo, ta duba ki; manyan asibitocin koyarwa da na tarayya suna da wannan sashe, kuma kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki.

Yadda ake yin atisayen

Iri biyu ne, kuma kowanne da aikinsa. Na farko shi ne doguwar matsewa, wadda ke gina juriya. Ki matse ki ɗaga, ki riƙe kina numfashi kamar kullum, ki ƙirga daƙiƙoƙin da za ki iya kafin ki ji tsokar ta fara zamewa. Ga mai farawa wannan yakan kasance daƙiƙa biyu ko uku, kuma daga nan ya kamata ta fara, ba daga goma ba. Sai ki saki gaba ɗaya, ki huta gwargwadon lokacin da kika riƙe ko fiye, sannan ki sake. Ki yi sau takwas zuwa goma. Idan a karo na biyar tsokar ta gaji har ba kya jin ɗagawar, ki tsaya a biyar, domin matsewa biyar masu kyau sun fi goma da aka cika da cinya da ciki. Duk mako ko mako biyu ki ƙara daƙiƙa ɗaya, har ki kai ga riƙe daƙiƙa goma sau goma.

Sakewar tana da muhimmanci daidai da matsewar, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Bayan kowace matsewa ya kamata ki ji wurin ya sauka ya koma yadda yake. Idan ba ki ji saukar ba, ko dai tsokar ta riga ta zame tun kafin ki gama ƙirga, ko kuwa ba ta saki ba sam. Tsokar da ta zauna a ɗaure kullum ba mai ƙarfi ba ce, gajiyayya ce, kuma tana iya kawo zafi wajen saduwa da wahalar fitsari.

Na biyu shi ne gajeriyar matsewa mai sauri: ki matse da ƙarfi, ki saki nan take, sau goma a jere, kina tabbatar da cewa kin saki sosai tsakanin kowace biyu. Wannan ne ke koya wa tsokar saurin da za ta riga atishawa. Dogaye goma da gajeru goma su ne zama ɗaya, kuma ana son zama uku a rana. Kowane zama bai kai minti biyar ba. Abin da ke kayar da mutane mantuwa ce, don haka ya fi kyau a ɗaura atisayen a kan abin da ba ya wuce mutum. Bayan sallar Asuba, bayan La'asar da bayan Isha'i lokuta ne da suka dace, kuma mace tana zaune a natse, ta riga ta yi fitsari kafin alwala. Mai shayarwa za ta iya haɗa shi da lokacin ba da nono.

A makonnin farko ki yi a kwance. Idan kin ƙware, ki koma yi a zaune a kan kujera, kin ɗan sunkuyo gaba, daga baya kuma a tsaye. Kada ki tsaya a matakin kwanciya, domin ba a kwance fitsarin ke kuɓucewa ba. A tsaye ne, ana shara ko daka ko ɗaukar yaro, kuma a wannan yanayi ne ake son tsokar ta saba aiki.

Akwai wata dabara da ke ba da sauƙi tun kafin tsokar ta gama ƙarfi. Duk lokacin da kika ji tari ko atishawa na tafe, ko za ki ɗaga bokiti, ko za ki saɓa yaro a baya, ko za ki miƙe daga zaune, ki matse ki ɗaga tukuna, ki riƙe har abin ya wuce, sannan ki saki. Da farko sai kin tuna, amma da yawan yi jiki yakan karɓe shi ya riƙa yi da kansa. Wajen ɗaga kaya kuma ki tanƙwara gwiwoyi, ki jawo kayan kusa da jiki, ki fitar da numfashi yayin ɗagawa maimakon ki toshe shi.

Wasu sukan fara ganin sauyi bayan mako huɗu zuwa shida, amma kada ki yanke hukunci kafin wata uku cur, kuma ga wasu sai an kai wata shida. Hanya mai sauƙi ta auna ci gaba ita ce ki lura da sau nawa kike sauya kamfai ko ƙyalle a rana a makon da kika fara, ki sake lura bayan kowane wata. Idan an sami abin da ake so, ba a dainawa gaba ɗaya, sai dai a rage zuwa zama ɗaya a rana, domin tsokar da aka bari takan koma gidan jiya.

Mai ciki da mai jego

Mai ciki mai lafiya za ta iya fara atisayen tun farkon cikin, kuma bincike ya nuna cewa waɗanda suka fara kafin matsalar ta bayyana sun fi samun kariya daga ɗigon fitsari a ƙarshen ciki da watannin farko bayan haihuwa. Idan ciki ya tsufa, ta yi a kwance ta gefe ko a zaune maimakon rigingine. Wadda ke zubar da jini, ko aka ce mata ta kwanta ta huta, ta tambaya a wajen awo kafin ta fara.

Bayan haihuwa ba sai an jira arba'in ba. Matsewa mai laushi, ba da ƙarfi ba, tun kwanakin farko tana taimaka wa jini ya zagaya wurin, kumburi ya sauka, kuma ba ta warware ɗinki. Wadda aka sa wa robar fitsari ta bari sai an cire, wadda kuma ta yi mummunar yagewa har zuwa dubura ta bi umarnin likitan da ya ɗinke ta. Shiga ruwan ɗumi yana sanyaya ciwo yana tsabtace wuri, amma ba ya ƙarfafa tsoka, ruwan da ya cika zafi kuwa ƙuna yake yi wa fatar da ke ƙoƙarin warkewa. Abin da mai jego ta fi bukata daga mutanen gida shi ne a ɗauke mata ɗiban ruwa da daka da ɗaukar duk abin da ya fi jaririnta nauyi a makonnin farko.

A nan ya dace a yi maganar kayan matsi, tunda saboda damuwar sakin gaba bayan haihuwa ce mata da yawa suke sayensu. Abubuwa irin su alif da bagaruwa suna busar da fatar ciki su sa ta takure na ɗan lokaci, amma tsokar da ta saki tana can ƙarƙashin fatar, babu abin da ya taɓa ta. Cusa haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuwa yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke kare farji, yana jawo ƙaiƙayi da ƙananan raunuka, wani lokaci har da tabon da ke toshe hanya. A ganina kuɗin da ake kashewa a kansu asara ce, tunda abin da ake nema yana samuwa kyauta ta hanyar da aka bayyana a sama.

Atisayen zai yi ta fama da koma-baya idan kullum ana nishi a bayan gida. A yawaita ganye irin su zogale, alayyafo da rama, da wake, kuɓewa da 'ya'yan itace kamar gwanda da mangwaro, a kuma sha ruwa isasshe. Rage shan ruwa don gudun ɗigo kuskure ne, domin fitsarin da ya yi kauri ya fi tsokanar mafitsara. Abin da ya kamata a rage shi ne shayi mai ƙarfi, kofi, goro da lemon kwalba mai launin baƙi. Tsuguno a masai ya fi sauƙaƙa fitar bayan gida, mai amfani da na zama kuma ta ɗora ƙafafunta a kan 'yar kujera domin gwiwoyi su ɗara ƙugu tsawo. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti.

Inda atisaye ba shi ne magani ba

Dole ne a bambanta abin da ake magana a kai da cutar yoyon fitsari. Idan fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa, a kwance ko a tsaye, ba tare da tari ko wani motsi ba, musamman idan ya fara bayan doguwar naƙuda ko tiyata, to mai yiwuwa huji ne ya samu tsakanin mafitsara da farji, kuma babu yawan matsewar da za ta rufe shi. Wannan aikin tiyata ne, kuma akwai wuraren da suka ƙware a kansa, kamar cibiyar Babbar Ruga a Katsina, ta Ningi a Jihar Bauchi, cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi a Nijar. Bayan an yi gyaran ne likitoci sukan koyar da atisayen domin ƙarfafa wurin.

Haka nan a je asibiti idan akwai jini a fitsari, ko zafi wajen yinsa, ko zazzaɓi tare da ciwon mara, ko yawan fitsari da ƙishirwa mai tsanani wanda ka iya zama alamar ciwon suga, ko fitsari ya ƙi fita, ko kuma ƙafafu da tsakanin cinyoyi suka mutu ba a jin taɓi. Macen da ke fama da zafi wajen saduwa ko ciwon mara da ya daɗe kada ta fara matsewa da kanta, domin sau da yawa tsokarta a ɗaure take, kuma abin da take bukata shi ne a koya mata sakewa da numfashi mai zurfi. Wadda ta cika wata uku tana yi yadda ya kamata ba ta ga wani sauyi ba, ta je a duba ko tana matse tsokar da ta dace. Idan an tabbatar tana yi daidai, likita zai iya ba ta shawarar sa zoben roba da ke tallafar mahaifa daga ciki, ko magani idan mafitsara ce ke yawan matsawa, ko tiyata idan ita ce ta dace da halin da take ciki.